Hoton alamomin tsirowar jijiyoyin jini a ƙarin ƙwaƙwalwa: akwai shi kuwa, kuma zai amfani mara lafiyarmu?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce. An yi wa yayana aikin cire ƙari a ƙwaƙwalwa, irin wanda ake kira giliyobilastoma, aka yi masa gashi da kemo, daga baya ƙarin ya dawo. Yanzu yana Indiya, an ɗora shi a kan allurar Avastin. Hoton MRI da aka yi bayan allura ta biyu ya nuna farin wurin ya ragu fiye da rabi, amma likitansa bai nuna wata murna ba. Na kuma karanta cewa akwai hoton PET da ke nuna sinadaran da ƙari ke amfani da su wajen tsiro da jijiyoyin jini. Da gaske ne? Mu nema a yi masa?

Amsa: Malama, Allah ya ba yayanki lafiya, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da shi. Abin da kika karanta gaskiya ne. Akwai irin wannan hoto, an kuma gwada shi a jikin mutane a Jamus da Holan da Amurka da Sin da Indiya. Sai dai har yau a matakin bincike yake, ba a kai ga yanke shawarar magani da shi ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ku kashe kuɗi a kansa ba. Akwai wasu gwaje-gwajen da suka fi shi amsa tambayar da ke damunku. Dalilin da ya hana likitan yayanki murna da dalilin da ya hana wannan hoto fita daga ɗakin bincike tushensu ɗaya ne, don haka bari in fara daga can.

Iskar oksijin da ke fita daga ƙaramar jijiyar jini ba ta iya ratsa nama fiye da kashi 1 zuwa 2 cikin 10 na milimita. Duk ƙwayar da ta yi nisa da jijiya fiye da haka shaƙewa take yi. A 1971 Judah Folkman, wani likitan tiyatar yara a Bostan, ya kafa hujja da wannan, ya ce ƙari ba zai wuce milimita 1 zuwa 2 ba sai ya samar wa kansa sababbin jijiyoyi, kuma in aka hana shi za a iya tsayar da shi. Giliyobilastoma na cikin ƙarin da suka fi kowane yawan jijiyoyi a jikin ɗan Adam. Girmansa yana fin ƙarfin jinin da ke isa gare shi, sai tsakiyarsa ta mutu, ƙwayoyin da ke gefen mataccen wurin su jeru suna fama da ƙarancin iska. Wannan ƙarancin ne ke tada wani furotin mai suna HIF, wanda gano aikinsa ya ba Kaelin da Ratcliffe da Semenza lambar Nobel a 2019. Shi kuma HIF ya sa ƙwayoyin su riƙa zubo da VEGF, sinadarin da ke umartar jijiyoyin da ke kusa su yi reshe. Tarin waɗannan ƙananan jijiyoyi, da kuma mataccen nama, suna cikin abubuwan da likitan gwajin nama ke dubawa kafin ya rubuta cewa ƙarin ya kai mataki na 4, wato mafi tsanani.

VEGF aiki biyu yake yi, kuma na biyun shi ne ya shafe ku. Tun kafin Napoleone Ferrara ya ware shi a kamfanin Genentech a 1989 a matsayin mai tsiro da jijiya, Donald Senger da Harold Dvorak sun riga sun gano shi a 1983 a matsayin abin da ke sa bangon jijiya yoyo. A lafiyayyar ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiya manne suke da juna gam, ba sa barin yawancin abin da ke cikin jini ya tsallaka. Shi ne shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. VEGF yana kwance wannan manni. Ruwa ya tsiyaya cikin nama, ƙwaƙwalwa ta kumbura, ciwon kai da amai da shanyewar ɓarin jiki su biyo baya. Allurar gadoliniyam da ake yi kafin MRI ita ma ta wannan ɓarakar take bi. Kin ga ashe farin da ake gani a hoto ba ƙarin ba ne shi kansa, wurin da shingen ya fashe ne. Sau da yawa iyakokin biyun sukan zo kusa da juna, shi ya sa aka daɗe ana auna ƙari da farin.

Avastin furotin ne irin na garkuwar jiki da aka ƙera don ya kama VEGF ya hana shi aiki. Da zarar ya kama shi, bangon jijiya ya sake mannewa, kuma da wuri abin ke faruwa. A wani bincike da aka yi a Bostan a 2007 da wani magani mai irin wannan aiki, an ga canji a jijiyoyin ƙarin cikin awa 24. Ba ƙarin da ke mutuwa da rabi a kwana ɗaya. Kamar ɗakin soro ne mai yoyo: in aka yaɓe rufin, daɓe zai bushe, amma bushewar daɓe ba ta gaya maka ko gara na nan cikin azara. Likitan yayanki ya ga daɓe ya bushe, yana jira ya san halin azara.

Alƙaluman manyan gwaje-gwaje suna goyon bayan takatsantsan ɗinsa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Avastin ga giliyobilastoma da ya dawo a 2009, mafi yawa bisa kyawun hotuna, hukumar Turai kuwa ta ƙi. A 2014 aka fitar da sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu a kan sababbin marasa lafiya. A wanda ake kira AVAglio, mai mutum 921, lokacin da ƙarin ke ɗauka kafin a ga ya ci gaba ya tashi daga wata 6.2 zuwa 10.6, amma tsawon rai bai motsa ba: wata 16.8 da 16.7. Na Amurka, RTOG 0825, shi ma bai nuna ƙarin tsawon rai ba. A 2017 gwajin Turai a kan masu ƙarin da ya dawo, irin halin yayanki, ya ba da tsawon rai na wata 9.1 ga waɗanda aka haɗa musu Avastin da wani maganin kemo mai suna lomustin, 8.6 ga waɗanda aka ba lomustin kaɗai, bambancin da bai kai a dogara da shi ba. Kada ki ɗauki wannan a matsayin maganin banza ne. Yana sauke kumburi, yana ba da damar rage deksametazon, maganin da aka saba sauke kumburin da shi, da duk wahalhalunsa na hawan suga da raunin cinyoyi, wani mara lafiyar da ya kwanta ya tashi ya taka, ya yi salla a tsaye, ya gane iyalinsa. A wurina wannan babban abu ne, kuma dalili ne isasshe na ba da shi ga wanda kumburi ya addaba.

To daga nan ne sha'awar hoton da kika tambaya ta taso. Likitoci da yawa suna zargin cewa a cikin ɗaruruwan nan akwai 'yan tsirarun da maganin ya ƙara wa kwana da gaske, sai dai sun ɓace a cikin lissafin jimla. Da za a iya ganin VEGF ɗin kansa, ko masu karɓarsa a bangon jijiya, da an zaɓo su tun farko, an kuma hutar da sauran kashe kuɗi. Gwajin nama ba ya wadatarwa, domin ɗan gutsure ne daga wuri ɗaya a rana ɗaya, alhali giliyobilastoma kowane lungunsa da halinsa, kuma ba a buɗe kan mutum kowane wata.

Dabarar PET ita ce a ɗauki sinadarin da ke manne wa abin da ake nema, a ɗaura masa ƙwayar zarra mai fitar da haske na nukiliya, a yi allurarsa kaɗan ƙwarai, sannan na'ura ta ƙirga inda hasken ke fitowa. Tana iya gano abin da MRI ba zai taɓa ji ba saboda ƙanƙantar yawansa, amma idonta bai da kaifi: abin da bai kai milimita 4 zuwa 5 ba yakan dushe mata.

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce a ɗaura hasken a jikin Avastin ɗin kansa. Furotin ne babba, yana kwanaki yana yawo a jini kafin ya taru inda zai taru, don haka sai an haɗa shi da zarra mai jimiri. Zarkoniyam-89 ake amfani da shi, wanda rabin ƙarfinsa ke zubewa a awa 78. Masana a Groningen ta Holan ne suka fara wannan, sannan a 2017 wata tawaga a Amstadam ta buga sakamakon gwada shi a yara 7 masu wani mugun ƙari na tushen ƙwaƙwalwa. An ɗauke su hoto bayan awa 1, da awa 72, da awa 144, wato kwana 6. Ƙari 5 cikin 7 sun nuna haske, 2 ba su nuna ba. A 4 daga cikin 5 ɗin, hasken ya fi taruwa ne a wuraren da gadoliniyam ya riga ya haska a MRI.

A nan gizo ke saƙar. Idan wuri bai yi haske ba, me ke nan? Ko dai babu VEGF a wurin, ko kuwa akwai shi jingim amma shinge bai bar allurar ta isa ba. Nauyin Avastin ya ninka na sinadarin gadoliniyam fiye da sau 100, inda ƙaramin bai wuce ba babban ba zai wuce ba. Idan kuma wuri ya yi haske, wani kaso na hasken na iya zama furotin ne kawai da ya tsiyaya ta ɓaraka ya maƙale, ko da bai kama komai ba. Abin ya ƙara cakuɗewa ga wanda ya riga ya fara magani, kamar yayanki. Jininsa cike yake da Avastin mara haske, wanda ke kusan kwana 20 kafin rabinsa ya fita, ya riga ya kama VEGF ɗin, ya kuma toshe ɓarakar. Hoton zai fito da duhu ko ƙarin na mutuwa ko yana nan daram. Ni a ganina amfanin binciken Amstadam na gaskiya shi ne ya nuna cewa a wasu yaran maganin ba ya ma isa cikin ƙarin. Darasi ne mai daraja ga masu ƙera magani, amma tambayar da ya amsa daban take da taku.

Wasu sun juya dabarar: maimakon su nemi VEGF, sai suka ɗaura haske a jikin VEGF ɗin don ya je ya manne wa masu karɓarsa, waɗanda ke bangon jijiya ta ɓangaren da jini ke wucewa, ba sai an tsallaka shinge ba. A jami'ar Stanford an yi haka da tagulla-64 a ɓeraye a 2006, aka ga ƙananan ƙari sun fi manya ɗaukar hasken. A Biyana ta Ostiriya an gwada da aidin-123 a wasu marasa lafiya. Matsalarsa ita ce VEGF sinadari ne mai aiki a jiki, yana iya saukar da hawan jini, ƙoda kuma tana kwashe kaso mai yawa.

Alamar da aka fi bincika ita ce wani furotin na saman ƙwaya daga dangin intagirin, αvβ3. Jijiyar da ke zaune lafiya ba ta cika nuna shi ba, mai tsirowa kuwa tana buƙatarsa don ta riƙe naman da take ratsawa, kamar yadda Brooks da Cheresh suka nuna a 1994. Yana kama wani ɗan jerin amino asid uku, wato tubalan da ake gina furotin da su, da ake taƙaitawa RGD, wanda Pierschbacher da Ruoslahti suka gano a 1984. Ƙanƙantarsa ta sa ana iya haɗa shi da fulorin-18 ko galiyam-68 a ɗauki hoto cikin awa ɗaya ko biyu. A Munik ta Jamus, a 2009, an gwada irinsa a mutum 12 da ake zargin suna da giliyobilastoma ko ya dawo musu. Lafiyayyar ƙwaƙwalwa kusan ba ta ɗauki komai ba, ƙarin ya ɗauka amma ba bai ɗaya ba, kuma da aka gwada naman da aka ciro, yawan haske ya yi daidai da yawan furotin ɗin. Daga baya an yi wasu ƙananan bincike a Stanford da Beijin. Sai dai a giliyobilastoma ba jijiyoyi kaɗai ke ɗauke da αvβ3 ba, ƙwayoyin ƙarin ma suna da shi, haka wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke taruwa a wurin kumburi. Shi ma RGD ba ya tsallaka lafiyayyen shinge. Abin da ya fi sanyaya gwiwar masu wannan fanni shi ne maganin da aka ƙera don toshe wannan furotin, silengitayid, ya faɗi a babban gwajinsa na 2014: tsawon rai wata 26.3 ga waɗanda aka ba shi, wata 26.3 ga waɗanda ba a ba su ba. Hoton da ke nuna inda za a harba ba shi da kasuwa in babu harsashin.

Tunda kuna Indiya, mai yiwuwa a ambata muku PSMA, domin galiyam-68 PSMA yana samuwa a manyan asibitocinsu saboda masu kansar furostet ta maza, kuma likitocin can suna cikin waɗanda suka fara gwada shi a ƙarin ƙwaƙwalwa. Furotin ne da aka san shi a ƙwayoyin kansar furostet, amma a giliyobilastoma a bangon sababbin jijiyoyi yake fitowa. Hotonsa yana da kyan gani, tabo mai haske a kan baƙin fili. Ana kuma sha'awarsa saboda ana iya musanya galiyam da lutishiyam-177 ya zama magani, kodayake abin da aka buga a kan haka a ƙwaƙwalwa rahotannin mutane ƙalilan ne. Shi ma bai tsira daga matsalar shinge ba, kuma ba ƙari kaɗai ke ɗaukarsa ba. An ba da rahoton tarin fuka yana haskawa da shi. Wannan abin lura ne a ƙasashenmu, inda ƙullutun tibi a ƙwaƙwalwa yake cikin abubuwan farko da likita ke tunani in ya ga zobe mai haske a MRI. Ga yayanki da aka riga aka tabbatar da nau'in ƙarinsa ta gwajin nama wannan bai taso ba, na faɗa ne saboda aikinki.

Akwai wata matsala da ta fi duk waɗannan zurfi. Giliyobilastoma ba lallai sai ya tsiro da sabuwar jijiya ba. Ƙwayoyinsa suna iya bin bayan tsofaffin jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna rarrafe, suna shan abin da ke wucewa, su kuma bi zaren jijiyoyin saƙo har su tsallaka ɗaya ɓangaren. Tun wajen 1938 Hans Joachim Scherer ya siffanta wannan ɗabi'a. A irin waɗannan wurare shinge lafiya lau yake, ba VEGF mai yawa, ba αvβ3 a bangon jijiya, ba fari a MRI. A wasu marasa lafiya da ke kan Avastin, ta wannan hanyar ƙarin ke ci gaba. Ko da an samu hoton da ke ƙirga kowace sabuwar jijiya ba kuskure, wannan ɓangaren na ƙarin ba zai fito a cikinsa ba, kuma sau da yawa shi ne ke yin ɓarnar ƙarshe.

Abin da zai amfane ku ya fi wannan sauƙin samu. Na farko yana cikin MRI ɗin da aka riga aka yi. Ban da hoton gadoliniyam akwai wanda ake kira FLAIR, mai nuna kumburi da kutsen ƙari ba tare da allura ba. Tun 2010 ƙa'idar RANO, wadda likitocin wannan fanni ke auna nasarar magani da ita, ta ce ba a kiran raguwar fari nasara sai ta ɗore aƙalla mako 4, FLAIR bai faɗaɗa ba, ba a ƙara yawan deksametazon ba, kuma jikin mara lafiya bai ja baya ba. Ki tambayi likitan kai tsaye yadda FLAIR ɗin yake idan aka kwatanta da na kafin allura. Na biyu, MRI mai auna yawan jinin da ke ratsa nama, wanda ake ƙara shi a zama ɗaya cikin 'yan mintuna. Ba ya ganin furotin, amma yana auna sakamakon aikinsu, kuma bincike ya nuna waɗanda yawan jinin ƙarinsu ya sauka bayan fara Avastin sukan fi daɗewa.

Idan har za a yi PET, na amino asid za ku nema, FET ko FDOPA, ko metayonin inda ake da shi. Fifikonsa a fili yake: amino asid yana da masu ɗaukarsa na musamman a bangon jijiyar ƙwaƙwalwa, don haka yana shiga ko shinge a rufe yake, ƙwayoyin ƙari kuma suna zuƙarsa fiye da lafiyayyun. Avastin ba ya iya ɓoye masa ƙari kamar yadda yake ɓoye wa gadoliniyam. Ƙananan bincike daga Jamus da Ostiriya da Amurka sun nuna yana bambance amsar gaske da ta ido tun makonnin farko, kuma a 2024 an fitar masa da ƙa'idar aunawa tasa. Kada a ba ku FDG, PET na suga da aka saba yi wa sauran kansa, a madadinsa: lafiyayyar ƙwaƙwalwa tana shan suga sosai har ƙarin yakan ɓace a cikin haskenta. Kafin ku biya, ki yi wa likitan tambaya ɗaya: in hoton ya nuna ƙarin na nan da ƙarfinsa, me za ku canza? In yana da amsa, kamar sake gashi a ɗan wuri, ko sake aiki, ko sauya kemo, to a yi. In ya ce ko yaya ya fito maganin nan za a ci gaba da shi saboda kumburi, ku riƙe kuɗinku.

Ku kuma yi tunanin komawa gida tun yanzu. Fulorin-18 na FET da FDOPA rabinsa ke zubewa a minti 110, galiyam-68 a minti 68, kabon-11 na metayonin a minti 20. Ba kaya ba ne da ake aikowa daga wata ƙasa a ajiye, sai inda ake da injin haɗa su a kusa. Hoton da ba za a iya maimaita shi bayan kun dawo ba amfaninsa ragagge ne, tunda kwatanta na yau da na jiya shi ne aikin. MRI kuwa ana yinsa a manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato. Ku karɓo dukkan hotunansa a faifai, ba rahoton takarda kaɗai ba, tare da sakamakon gwajin nama da ke nuna matsayin IDH da MGMT, wato alamomin ƙwayoyin halittar ƙarin, da jadawalin gashin da aka yi masa, da ranar kowace allura da yawan deksametazon da yake sha a ranar kowane hoto. Ke kuma, tunda aikinki ne, ki riƙa auna masa hawan jini, a duba furotin a fitsari kafin kowace allura, ki lura da kumburin ƙafa ɗaya, ko haɓo, ko ciwon ciki mai tsanani. Duk likitan da zai yi masa wani aiki, ko da cire haƙori ne, a gaya masa yana kan Avastin, domin yana hana rauni warkewa, kuma ƙa'idarsa a bar aƙalla kwana 28 tsakanin allura da tiyata.